Farin tabo a hoton Auta

A shekarar fari na biyu ni ce daktilo, wato mai buga takardu, a buro, ofishin rabon cimaka na Tawa. Tun safe har la'asar ina buga sunayen ƙauyuka da na zangon makiyayan da suka gangaro daga arewa ba ko akuya, wani soja na tsaye a kaina yana cewa in yi sauri, sai ka ce saurina ne zai ƙara dawa a cikin buhu. In na tashi na koma gida, in tarar da Inna. Ta baro ƙauyenmu na gefen Bambeye tun da shuka ta ƙone sau biyu, ta zo wurina, amma ba ta taɓa yarda zama ta zo yi ba. Ƙunshin kayanta kullum a ɗaure yake bayan ƙofa.

Mu biyu muka rage mata. Ni ce 'yar fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta yi mini doguwar hira, daga "ke" sai "wagga". Ƙanena kuwa, Auta, shi ne hantarta da jininta. A lokacin shekararsa uku a Faransa, gwamnati ta tura shi karatu. Ni na wanke masa kayan lakwal, wato makarantar boko, ni na ja kunnensa har ya haddace lissafi, kuma ba na jin kunyar faɗa, ina alfahari da shi fiye da yadda ya kamata. Ko direban buro ya tambaye ni ƙarfe nawa, sai na san yadda na yi na sako zancen Auta.

Wasiƙunsa da Faransanci yake rubuto mini, shafi huɗu, shafi biyar, sannan a ƙasa ya sa layi uku da Hausa don Inna: yana lafiya, yana cin abinci, yana salla. A shafukan nan biyar na san abin da ya kai shi. Ya ce can ƙarshen sama, inda ido bai kai ba, akwai waɗansu abubuwa da ake ce wa kwazar. A madubin hangen nesa kamar tauraro suke, amma ba taurari ba ne, sun fi su nisa da haske nesa ba kusa ba. Suna fitar da irin hasken nan da likita ke ɗaukar hoton ƙirji da shi, mai ratsa nama. Abin da ya ba ni dariya, hasken da ke ratsa mutum wai ba ya iya ratsa iskar da ta lulluɓe duniya. Dole sai da aka harba na'ura sama, a cikin tauraron ɗan'adam, take kallo daga can tana aiko da abin da ta gani.

Na'ura ɗaya ce, masu son leƙawa da yawa, saboda haka layi ake bi, kowa da ranarsa, kamar rijiya ɗaya a garin da ake fari. Malamin Auta ya samo musu layi don wani kwazar da ya fita daban. Sauran haskensu na nan yadda yake, in ya sauya ma sai a hankali. Nasu kuwa yau ya yi ƙarfi, jibi ya dushe, ba ya zama wuri ɗaya, kuma ba wanda ya san dalili. Na rubuta masa na ce ai ka samu ɗan'uwanka, kai ma tun kana rarrafe ba a ajiye ka a dawo a same ka. An riga an yi masa kallo ɗaya na ɗan lokaci. Babban kallon, wanda duk karatun Auta ya rataya a kansa, an sa shi can tsakiyar sanyi: za a juya na'urar ta zuba masa ido ba ƙyaftawa, Auta na zaune yana karɓar abin da take aikowa. Ya ce in layin nan ya wuce da wuya a sake samun wani, don iskar da ke juya na'urar ƙarewa take yi.

Akwai kuma abin da ni da shi muka sani sarai. A zamanin nan na soja, ɗalibin da gwamnati ta tura waje ba ya dawowa tsakiyar shekara sai da izini daga Yamai. Wanda ya dawo don kansa, an yanke masa tallafi ke nan, a karɓe fasfo, a tura shi aikin ƙasa inda aka ga dama.

Wasiƙar da ta jawo komai ta zo ne bayan damanar da ba ta yi ba. Na dawo a gajiye, na zauna kan tabarma na farke ambulan, sai wani hoto ya zamo ya faɗi. Inna ta riga ni ɗauka. Baƙi ne ƙirin, da ɗigo-ɗigo masu toka-toka, a tsakiya kuma ga wani farin tabo kamar an ɗiga koko. Shi ne kwazar ɗin Auta, daga kallon farko. Ya aiko mini ne don in gani in yi murna.

Inna ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa. Ta ce, "Ke, mi na wanga?"

Da na yi shiru na minti ɗaya na yi tunani, da ban rubuta wannan labari ba. Amma bakina ya fi hankalina sauri, kuma ina so in nuna na sani. Na ce, "Hoto na da anka ɗauka da hasken likita, Inna, wanda ka ratsa jiki. Awa wanda anka yi ma Baba."

Ta miƙe. Ta je bakin ƙofa, ta ɗaga hoton sama wajen haske da hannu biyu, yadda ta ga ana yi.

Bari in koma baya kaɗan. Babanmu ya rasu a fari na farko, da tari. Ni na kawo shi Tawa asibiti, lokacin ban daɗe da fara aiki ba, Auta na makarantar kwana. Inna ta tsaya ƙauye saboda tsohuwar kakarmu da 'yan awakin da suka rage. Likita ya ɗaga mini hoton ƙirjin Baba ya nuna mini farin tabo a huhu, ya girgiza kai. Duk da haka, kowace ranar kasuwa in 'yan garinmu za su koma, saƙona ɗaya ne: a gaya wa Inna jiki da sauƙi. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Haka ake yi a wurinmu, ba a aika wa na nesa mugun labari tsirara. Mai ciwo kullum da sauƙi yake, wanda ya rasu kuma a ce jiki ya tsananta, a zo. Ranar da aka aika mata ta zo, an riga an rufe shi. Na kai mata rigunansa da hoton nan, ta ce in nuna mata abin da ya kashe shi, na ɗora yatsa a kan tabon. Ba ta ce mini komai ba, a ranar ko bayanta.

To, yanzu ga ta ta kwance ƙunshinta ta ciro hoton Baba, wanda ban ma san tana yawo da shi ba, ta jera su biyu a kan tabarma. Na ce, "Inna, wanga ba ƙirji ba na. Wani abu na can sama, awa tauraro. Shi na karatun Auta."

Ta ce, "Tauraro? Tun ba a haihe ki ba nike kallon taurari. Wane ɗa ka aiko ma uwatai hoton tauraro daga wata uwa duniya? Ba shi iya hwaɗi da baki, shi as sa yas saka shi cikin takarda, mai hankali shi gane."

Na karanta mata layukanta uku: yana lafiya, yana cin abinci. Ta kalle ni, abin da ba ta saba yi ba. Ta ce, "Hakanan kinka riƙa aiko man."

Daga ranar zama ya ƙare a gidan. Inna ta shiga ta fita, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta je wurin malami ta karɓo rubutu ta shanya a tsumma don a aika, ta dawo ta sake ɗaga hoton a bakin ƙofa. Ni ma abin ya hana ni sakat. Na ɗauka zancen kwana biyu ne, in na kawo hujja shi ke nan. Ban gane ba cewa a wurin Inna ni ce mutum ta ƙarshe da za ta kawo hujja.

Na fara da wani dattijo na unguwarmu, wanda aikinsa ke nan ɗaukar hoton ƙirji a asibiti. Na kai ta har gidansa. Ya sa tabarau, ya duba, ya yi dariya. Ya ce, "Inna, wanga ba mutum ba na. Ina haƙarƙari? Ina ƙashin baya? Ko kaza anka ɗauka sai an ga ƙashi." Ta yi godiya, ta sa masa albarka. Muna fitowa ta ce, "Kin riga ni zuwa wurinai." Na rantse ban riga ta ba. Ta ce, "To, ba ke da bakinki kinka ce na'urar Nasara ta hi tamu gani ba? Wadda taw wuce nama, mi ka hana ta wuce ƙashi?" Ni da na yi lakwal, tsohuwar da ba ta san bihim ba ta ɗaure ni da igiyata.

Na rubuta wa Auta cikin fushi na ce ga abin da hotonka ya jawo, maza ka je a ɗauke ka kai kanka, tsaye, kana dariya. Ya aiko. Wayyo Auta! Ya tsaya a gaban wani gini cikin wata ƙatuwar riga da ta yi masa yawa, ya naɗe wuya da mayafi har haɓa, ga shi dama tun asali siriri ne kamar karan dawa. Inna ta duba ta ce, "Dubi wuyanai a naɗe. Dubi idanu sun hwaɗa." Ta daina cin tuwon dare tun daga ranar.

Saura tarho. Na je gidan waya na sa layi, aka ce mu zo da safe. Muka zauna kan benci har azahar, Inna na ta gyara lulluɓi kamar zai gan ta. Da aka kira mu cikin ɗan akurkin nan, ta riƙe kan tarhon da hannu biyu nesa da kunne, sai da na matsa mata shi. Ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa: "Inna, lahiyata lau, wallahi lahiyata lau." Sai ya yi tari. Ɗan tari ne na mura, sanyi ya shiga can, kowa na yi. Ya yi ɗaya, ya yi na biyu. Inna ta miƙo mini tarhon, ta fita. Na ce masa, "Kai ko haɗiye shi ba ka iya yi?" Yana tambayata me ya faru layin ya yanke.

Mutanen yankinmu na Adar sun san kaset. Duk wadda ɗanta ya tafi ci-rani Abijan ko Legas ya daɗe, ba ta wahalar da kanta da mai rubuta wasiƙa, sai ta samu mai rakoda ta yi magana da bakinta a kai masa. Takarda ana iya ƙara mata gishiri a hanya, murya kuwa ba mai taɓa ta. Wata rana na dawo aiki Inna ta miƙo mini kaset a naɗe cikin ƙyalle. Ta je gidan wani direba maƙwabcinmu ta yi abinta, ba ta shawarce ni ba. Ta ce, "Ke as san inda shike. Ki sa a kai mai." Da ta san hanyar da za ta aika ba ta hannuna ba, da ta bi.

Na tafi da ita buro, na ari rakodar mai gadi da tsakar rana na saurara. Na yi zaton kuka zan ji. Babu kuka. Ta yi sallama, ta ce gobe Mauludi, ta gaishe shi da sanyi, ta gaya masa wane da wane sun rasu, rijiyar ƙauye ta ƙafe. Sannan ta ce:

"Auta, ni ta. Ban taɓa roƙonka komi ba. Ubanka ya tahi ban gan shi ba, ana ce man da sauƙi, da sauƙi. Kai ba a yi man haka. In nonona kash sha, ka zaka in ga ƙirjinka da idona. In na ga lahiya kake, sai ka koma ga karatunka, ba ni hana ka. Ban yi maka baki ba. Amma in kaj ji wagga magana kaz zamna, ban yahe ba."

Wai sai ka koma. A ganinta Faransa kamar Abijan ce, mutum ya zo ya ga gida ya hau mota ya juya. Na yi mata bayanin izini da fasfo ya fi sau goma, amma duk abin da ya fito bakina a kwanakin nan, a kunnenta wani sabon "da sauƙi" ne.

Na jefa kaset ɗin cikin aljihun tebur, ƙarƙashin takardun kabon. Na san Auta. In ya ji muryar nan ba zai ƙara kwana uku ba. Saura kamar wata ɗaya da rabi a juya na'urar. Na ce a raina, in na riƙe ta har ya gama, wa zai sani? Da yamma Inna ta ce, "Ta tahi?" Na ce, "Ta tahi."

Kwanakin da suka biyo baya ban san inda kaina yake ba. Na buga sunan ƙauyen Kalfu a wurin na Takanamat, na aika buhunan wani zango ga wani, sojan nan ya yi mini tsawa har na waje suka leƙo, ni ma na mayar masa, abin da ba a yi. In na tashi aiki ba na iya miƙewa gida, sai in zagaya ta bakin tabkin da ya bushe ya tsattsage, in bi ta kasuwa ba abin da zan saya. Na yi tunanin jefa kaset ɗin a masai. Na yi tunanin in sa a ɗauki waƙa a kanta in ce rakodar direba ce ta lalace. Sau biyu ina ɗauko ta in kama hanyar gidan waya, in kai ƙofa in juyo. Ina jin haushin Inna, ina jin haushin Auta da hotonsa, na fi jin haushin bakina. Kuma kowace yamma sai ta tambaya ko ta isa yanzu, ni kuma in ce tana hanya, da muryar nan tawa mai santsi wadda ni kaina na tsane ta.

Ita kuwa tana ƙarewa a gabana. Zanenta ya fara zagaya ta sau biyu. Ta ƙirga kwanaki a ranta ta ga ya isa a ce ya taso, sai ta fara zuwa tasha tana jiran motar Yamai. Ban sani ba, don ina wurin aiki. Rana ta takwas aka aike ni da takarda wajen tashar, inda mutanen arewa da fari ya koro suka kafa 'yan bukkokin tsumma. Ana raba musu kunu. Ina wucewa na hango wata tsohuwa zaune a rana, jingine da bango, wata cikin masu rabon ta tsuguna tana ba ta kunu a baki da ludayi. Sai da na matso na gane zanen. Jiri ne ya kwashe ta, suka ɗauka cikin 'yan gudun yunwa take. Uwata, ina da albashi, ina da hatsi a ɗaki.

Na kai ta gida a bayan amalanke. A hanya ta ce, "Motar yau ba ta zaka da shi ba." Na tuna na taɓa hana matar nan ganin mijinta da rai, don in sauƙaƙa mata. Na ga in na ci gaba, wannan karon Auta zan aika wa cewa jiki ya tsananta, ya zo. Washegari da safe na kai kaset ɗin gidan waya. Na haɗa da 'yar takarda: kada ka zo, saura kaɗan, zan riƙe ta. Na san takardar nan ba ta da nauyin komai kusa da muryar Inna. Na rubuta ta ne don in wanke hannuna, ba don wani abu ba.

Da kaset ɗin ta isa hannunsa, Auta ya je ofishin jakadancinmu neman izini, aka ce ya rubuta ya jira amsar Yamai. Bai jira ba. Abokansa suka haɗa masa kuɗin jirgi. Wata la'asar sai ga shi a ƙofar gida da jaka ɗaya, cikin ƙatuwar rigar nan, saura sati biyu da 'yan kwanaki layinsa ya zo.

Inna ba ta rungume shi ba, ba ta yi guɗa ba. Ta ce ya zauna kan turmi ya tuɓe riga. Ƙato da shi, mai gemu, ya tuɓe a tsakar gida. Ta kara kunnenta a bayansa, ta ce ya ja numfashi, ya sake ja. Ta ƙwanƙwasa haƙarƙarinsa da yatsa. Sannan ta ce, "Mun tare shi da wuri." A daren nan ta ci tuwo har da ƙari.

Ta sa shi a gaba da rubutu, da sassaƙe, da madarar gari ta taimako, da ƙwan da ban san inda take samowa ba a shekarar da kaji suka ƙare. Shi kuma yana sha. Na ce masa mu je a ɗauki ƙirjinka na gaske mu kawo mata, ta gani ta sake ka, wataƙila in ka yi sauri Yamai su ji tausayi. Muka je wurin dattijon nan. Hoto ya fito tas, ga haƙarƙari a jere, ba ko ɗigo. Na kawo shi da rawar jiki, na ce yau dai gaskiyata ta fito. Inna ta ɗaga shi a bakin ƙofa ta daɗe tana dubawa. Sai hawaye. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Tabon ya ɓace. Kwana goma kaɗai, kun gani?" Auta ya fashe da dariya, ya yi ta yi har ya riƙe ciki. Ni ban yi ba.

Ta ce to yanzu ya koma ga karatunsa, ta yafe. Ya tafi Yamai. Ya yi sati uku yana zirga-zirga daga wannan buro zuwa wancan, ranar da aka juya na'urar yana zaune a benci a wani baranda yana jiran wani mai kaki da bai zo ba. Suka karɓi fasfo ɗin. Suka ba shi takardar koyarwa a wani kwaleji can arewacin Adar, inda mota ke zuwa sau ɗaya a sati. Daga baya malaminsa ya rubuto, wasiƙa mai daɗi: an yi kallon, kwazar ɗin ya yi irin tashin da Auta ya ce zai yi, an ba wani ɗalibi aikin ya ƙarasa. Auta ya karanta a tsaye, ya ninke, ya tambaye ni ko akwai sauran ruwa a randa. Ba a daɗe sosai ba na'urar ma ta daina aiki.

Ranar da zai hau babbar mota zuwa wurin aikinsa, Inna ta cika da murna, ɗanta zai zauna inda za a iya zuwa a yini ɗaya. Ta ɗauka shi ya zaɓa. Tana gaya wa matan unguwa, "Da na biye ma wagga, da can sunka bizne man shi cikin sanyi." Abin ya zo mini wuya. Na ce, "Inna, kin ko san abin da..." Auta ya damƙe mini hannu har sai da na ji zafi. Ya ce da ƙarfi, "Gaskiya ta, Inna, ke kinka cece ni." Sannan ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, in kinka hwaɗa mata abin da ni rasa, ba ni ba ke."

Ban faɗa ba. Inna ta ƙara shekaru masu yawa a duniya, ta ga 'ya'yansa, kuma ba baƙon da zai zo gidan bai ji yadda ta warkar da Auta a kwana goma ba. Shi kuwa ya koyar da lissafi da kimiyya daga wannan gari zuwa wancan har ya yi furfura. Bai sake yi mini zancen kwazar ba, ni ma ban tambaya ba. Ya zama mutum mai yawan shiru, shi da a da ba a iya rufe masa baki.

Sai bayan rasuwarta, ranar sadakar bakwai, da jama'a suka watse, muna zaune mu biyu a zaure da hantsi. Ya ce, "Yaya, a kaset ɗin nan Inna ta ce gobe Mauludi. Hatimin gidan waya kuwa ya nuna bayan Mauludi da sati guda. Kwana nawa tay yi hannunki?"

Ashe ya sani tun ranar da ta isa gare shi. Mutumin da aikinsa auna kwanaki ne, ni na ɗauka zan ɓoye masa. Na ce, "Tara." Na shirya ya zage ni don na riƙe maganar uwarmu, na ma fara haɗa ba-haƙuri a bakina.

Ya ce, "Da kin ƙara wata guda, Yaya."

Sai ya miƙe ya je yana taya masu naɗe tabarmi.